Ɗumame a Jinin Taibatu

Idan ka shiga Talata Mafara ka tambayi gidan Taibatu matar Mamuda mahauci, ba mai wahalar da yatsansa wajen nuna maka. Ce maka za a yi ka bi hancinka. In ka isa kuwa, ka sassauta tazuge tun daga zaure, don ba a taɓa jin wanda ya shiga gidan nan ya fita da cikinsa yadda ya zo da shi ba. Wani bawan Allah ya taɓa yin sallama da hantsi yana tambayar hanyar Bakura. Bai ga Bakura ba sai bayan la'asar, shi ma da ƙyar ya iya ɗaga ƙafa ya hau babur.

Kada ka ɗauka wadata ce ta yi mata yawa. Mamuda mahauci ne na tsaka-tsaki, ran Talata a haɗa hannu a kayar da sa, sauran ranaku akuya ko tunkiya. Sirrin Taibatu ɗaya ne, ba ta zubar da komai. Tuwon jiya ɗumamen yau ne. Wanda ya kwana biyu ta shanya shi bisa rufin ɗaki, ya bushe, ta daka, ya dawo datu da ƙuli-ƙuli har manya na lasar yatsa a ɓoye. Ƙashin da Mamuda ya kankare ya yi fari fat, ita sai ta sake yi masa tambayoyi sau biyu a tukunya kafin ta sallame shi ga kare. Zane in ya tsufa ya zama ɗankwali, ɗankwali ya zama gammo, gammo ya koma tsumman goge tukunya, tsumman ma in ya gaji a hura wuta da shi. Tukunyar dalma in ta huje, maƙera za su narkar, ta dawo sabuwa tana ƙyalli. Akwai wata a gidan da aka narkar sau huɗu. Mamuda na cewa ita kaɗai ce ya sani ta leƙa lahira ta dawo ta ci gaba da aiki.

A Tsibiri ta koyi wannan, can ƙasar Maradun inda aka haife ta. Tana 'yar shekara tara ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Ta ga uwarta ta rushe tsohon rumbu da hannunta, ta tankaɗe ƙasar gindinsa, ta fid da tsabar shekaru da ta maƙale a tsaga. Ta ga an faskare tsohon turmi an yi girki da shi. Gidan ya rame, amma ba a binne kowa ba. Kuma cikin wannan hali, in baƙo ya yi sallama, sai an miƙa masa ko da farau-farau ne, wato ruwan da aka nuna wa gari daga nesa. Da dokoki biyu Taibatu ta baro Tsibiri ranar da aka kawo ta Mafara: ba a zubar da abu, ba a barin baƙo da yunwa. Shekara arba'in ba wanda ya nemi ta karya ko ɗaya, sai da autarta Hamdiyya ta yi karatu.

Hamdiyya ta yi sakandare a Jangebe, ta wuce jami'a a Sakkwato, ta gama, ta ce bai ishe ta ba, ta koma digiri na biyu. A kan jini kuma. Mamuda ya ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, bambancin kawai shi da kwano yake tara nasa, ita da kwalba.

Wata rana ta zo hutu, Taibatu na kankare ƙanzo a madafa, ta ce, "Ke Auta, ni fa har yau ban san mi kike karantawa ba. Mutane na tambayata, in ce jini, su ce likita? In ce a'a. Su ce to mayya?"

Hamdiyya ta yi dariya ta jawo kujera. "Inna, cikin jini akwai wasu ƙwayoyi farare, ido ba ya ganin su. Su ne dakarun jiki. In cuta ta shigo, su ka tare ta."

"To Allah shi ba su sa'a. Wa ka ba su abinci?"

"Nan zancen yake. In abinci ya yanke, ƙwayar ba ta zama ta yi ta kuka. Sai ta duba cikin ɗakinta, ta tattara duk kayan da sunka tsufa ko sunka lalace, ta ƙunshe su cikin wata 'yar jaka, ta kai wani lungu na cikinta mai kamar maƙera. A narkar, ta ci rabi, ta gina sabo da saura. Turawa na ce mashi otofaji, wai cin kai."

Taibatu ta ajiye cokalin. "Ke! Maimaita."

"Kuma ba don yunwa kaɗai ba, Inna. Ƙwayar tana tasowa ba ta da sana'a. Ranar da za ta zama mai haɗiye cuta, sai ta rushe tsohon shirinta ta gina na sabuwar sana'a da tubalinsa. In an gama yaƙi kuma, mafi yawansu mutuwa suke. 'Yan kaɗan ka saura, su riƙe kamannin cutar shekara da shekaru, in ta dawo su gane ta tun daga ƙofa. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yi. An gwada a ɓeraye, in anka hana waɗannan masu tsaron cin kansu, ba su daɗewa. Shara ta cika su, su mutu."

"Wato mai ɗumame shi ka kai baɗi!" Taibatu ta tafa hannu har ƙanzo ya watse. "La'ilaha! Kuma sai da anka kai ki Sakkwato kafin ki san haka? Da kin tambaye ni, da na hutasshe ki da hawa mota."

Kafin magariba unguwar duka ta ji cewa an gano a cikin jinin ɗan Adam ma akwai masu halin Taibatu, kuma su ne masu tsawon rai.

Abin da Hamdiyya ke son gani shi ne, a jinin mutanenmu na nan, masu cin tuwo da fura, ko zaman yunwa na yini guda yana ƙara yawan 'yan jakunkunan nan a fararen ƙwayoyi. Ta samu takardar izini daga magabata. Saura mutane ashirin da huɗu da za su yarda a ɗebi jininsu. Sati biyu tana yawo ta samu uku, ɗaya ma kurma ne, ya ɗauka rabon gidan sauro ake yi, kuma duka ukun daga baya suka janye. Kowa tambayarsa guda: jinin nan ina za a kai shi?

Sai Taibatu ta yafa mayafi ta fita. Kwana biyu ta cike adadin. Mahauta bakwai abokan Mamuda, har da Maiwada, wanda in ya zauna a benci sai na ɗaya gefen ya tashi sama. Manoma biyar daga Garbadu. Gidaɗo, Bafulatanin wajen Bakura da ke sayar wa Mamuda dabbobi, shi da danginsa shida. Tsofaffin mata uku da suke zuwa Islamiyya tare da ita. Sufyanu mijin babbar ɗiyarta. Sai Mamuda, wanda ba a tambaye shi ba, sanar da shi aka yi. Sharaɗinsu ɗaya, ba asibiti za su je ba, a gidan Taibatu za a yi, don ita dai an san ba ta sayar da jinin kowa.

Hamdiyya ta yi wa kowa bayani dalla-dalla. Daga tuwon daren Laraba kada a sake kai komai baki sai ruwa zalla. Ranar Alhamis da tsakar rana a ɗebi jini, sannan a ci a ƙoshi, bayan awa biyu a sake ɗiba, ta gwada na yunwa da na ƙoshi. Sannan ta zaunar da uwarta ta kama hannunta.

"Inna, ki ji da kyau. Maganin da za a ɗiga wa jinin daga nesa ya zo, na gwaji ɗaya ne, kuma ƙarshen wata ƙarfinsa ka ƙarewa. Mai sarrafa na'urar duba jinin a Sakkwato, Juma'a zai tafi wani kwas na watanni. Alhamis ɗin nan ce kawai. In ta wuce ni, shekara guda ta wuce ni. Kada ki ba kowa komi sai na ce."

"Haba Auta, ni yarinya ce? Ko ƙuda ba ya lasar komi a gidan ga."

An ce musu ƙarfe sha ɗaya. Amma mai yunwa ba shi da abin yi a gida, don haka tun bakwai Gidaɗo da mutanensa suka yi sallama, riƙe da ƙwaryar nono mai kauri, tsarabar uwargida. Kafin tara an cika, maza a zaure da gindin dogonyaron ƙofar gida, mata a tsakar gida. Bazara ce, rana ta fito da shirin faɗa. Kwana uku ba a kawo wuta ba, mai ƙanƙarar da aka yi alkawari da shi ya wayi gari da ruwan ɗumi. Jinin kuwa ba ya tafiya Sakkwato sai cikin sanyi. Dole Hamdiyya ta ɗauki kula ta hau kabu-kabu neman ƙanƙara, daga can ta biya ta ɗauko ƙawarta Kubura, malamar asibiti, wadda za ta yi ɗibar.

Aka bar Taibatu da mutum ashirin da huɗu masu yunwa, ga fura curi-curi a rufe, ga tuwo da miyar kuɓewa a kan wuta na bayan ɗibar jini.

A yi mata adalci, ta yi ƙoƙari. Ta share tsakar gida sau biyu. Ta wanke kwanonin da ke wanke. Ta kai ruwa zaure ta dawo, ta sake kaiwa, kanta a ƙasa kamar wadda ta yi sata. Maiwada na ta nishi yana shafa ciki, wai yana jin hanjinsa na sallama da juna. Ta daure. Maƙwabciyarta ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Taibatu, lafiya? Rasuwa anka yi? Na ga mutane jugum ba ko kwano. Ai ko zaman makoki ana raba gumba." Ta haɗiye wannan ma, da ƙyar.

Wajen ƙarfe goma, wani dattijo daga Garbadu da bai taɓa zuwa gidan ba ya yi doguwar hamma, ya dubi rufin zaure, ya ce da na kusa da shi a hankali, "Ashe nan ne gidan Taibatun da ake faɗi."

Taibatu na bakin ƙofa, ta ji shi sarai. Da ma ya zage ta, da ya fi sauƙi.

Ta koma madafa tana huci, ta yi shawara da kanta, ta kuma ci nasara a kan kanta cikin sauƙi. An ce ruwa ya halatta. Farau-farau ai ruwa ne da ya ɗan canza launi. Ta jefa curi guda a babbar ƙwarya. Ya yi mata kama da rowa, ta ƙara biyu. To fura ba nono ai wulaƙanci ne, ga na Gidaɗo na kallon ta. Nono kuma ya yi tsami, sai da suga. Kafin ta farga ludayi na tsayawa da ƙafarsa a tsakiyar ƙwarya. Ita fura kuwa in ta shiga ciki ƙofa take buɗewa, ba ta rufewa. Maiwada ya ce ko akwai ɗan ɗumame da za a danne ta da shi? A gidan Taibatu ake tambayar ko akwai ɗumame!

Sha ɗaya da rabi kabu-kabu biyu suka tsaya a ƙofar gida. Hamdiyya ta sauko rungume da kula cike da ƙanƙara, fuskarta na walƙiya don murna, Kubura na bayanta da jakar allurai. Abin da ta fara gani shi ne Maiwada ya kafa ludayi a baki yana buga gindinsa don kada ɗigo ya tsira.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da Taibatu ta san yadda za ta rama. Shiga ta yi tsakar gida, ta ajiye kular, ta zauna a kai, ta rufe fuska da mayafi. Kafaɗunta kawai ke motsi.

Taibatu ta tsaya riƙe da mara a hannu. "Auta, ruwa-ruwa ne fa na dama."

"Shekara guda, Inna," in ji Hamdiyya daga cikin mayafi. "Shekara guda kinka dama."

Taibatu ta ajiye marar, ta juya ta shige madafa.

Kubura ce ta ce kuka ba ya mai da fura ƙwarya, a kira malamin Hamdiyya a waya. Aka kira. Ya saurara, sannan ya tambaya ko kowa da kowa ne ya ci. In akwai waɗanda ba su ci ba, a ɗebi jini sau ɗaya kawai, a gwada na masu yunwa da na masu ƙoshi. Amma masu yunwar kada su gaza sha biyu, kuma a tabbata, don in aka saka mai ƙoshi cikin masu yunwa gara ma ba a yi ba. Motar da za ta kai jinin Sakkwato kuma ta tashi kafin ƙarfe ɗaya, hanyar yanzu ba ta yamma ba ce.

Hamdiyya ta zabura ta share ido, ta ɗauki takarda da biro ta nufi zaure. Ta fara da Maiwada.

"Baba Maiwada, ka ci?"

Ya ga idonta ja, ya gyara zama. Fura na nan fari a gemunsa. "Ni? Ɗiyata, sunsunawa kawai na yi, don kar a ce na raina hannun Hajiya."

Sauran mahauta suka bi sahu, kowa ya rantse cikinsa kamar ganga. Mutanen Garbadu suka ce su ai ko ganin ƙwaryar ba su yi da kyau ba.

Ta juya ga Gidaɗo, wanda leɓensa ya bushe har ya tsage. "Baffa, ku fa?"

"Alhamdulillahi, mun ƙoshi. Gidan ga ba a yunwa."

"Baffa, kun ci ko ba ku ci ba?"

"Allah shi saka da alheri. Ba mu da abin cewa sai godiya."

Danginsa shida suka gyaɗa kai, cikin ɗaya daga cikinsu na ƙugi har ana ji daga ƙofa. Tsofaffin matan uku suka ce su dai lafiya lau suke, a bar tone-tone. Sufyanu ya dubi ƙasa ya ce duk yadda aka rubuta daidai ne. Hamdiyya ta dubi takardarta. Masu maiƙo a baki duk sun faɗa layin yunwa, masu busasshen leɓe sun faɗa layin ƙoshi. Kubura ta leƙa, dariya ta kama ta har ta dafa bango.

Sai aka ji murya daga ƙofar tsakar gida. "Ba ni wuri."

Taibatu ce, ta ɗaure ɗankwali tamau. 

"Ke wa ya ce maki ana tambayar mutum ko ya ci? Wanda ya ci kunyarki yake ji, wanda bai ci ba kunyata yake ji. Mai rabo ake tambaya. Rubuta! Maiwada, ludayi tara da ɗumame malmala biyu, kuma ya sa yatsa ya share kwano."

"Hajiya, takwas ne!"

"Tara. Na taran ka sha ka juya baya, ka ɗauka bango ka rufa maka asiri."

Zaure ya kaure da dariya. Ta bi mahauta ɗaya bayan ɗaya, ta bi mutanen Garbadu, har dattijon nan mai hamma, wanda ta ce ludayi shida ya sha kuma yanzu ya san gidan da ake faɗi. Masu ƙoshi sha biyu cif.

"Saura waɗanda sunka ƙi abincina." Nan muryarta ta canza, don wannan ba ta yafe shi da wuri. "Gidaɗo da mutanenai. Na aje masu ƙwarya, na dawo na iske faifai ko gocewa bai yi ba. Bafillace ya ci abinci gaban mahauta bakwai suna kallon bakinai? Sai dai a ɗauki gawarsa. Bakwai ke nan. Waɗanga ƙawayen nawa uku kuwa, ku faɗa mata da bakinku."

Babbarsu ta yi ƙasa da murya. "Mun ga tunda yunwar za mu zauna da ita, kuma Alhamis ce, shi ne munka ɗaura niyyar azumi tun dare, ko sahur ba mu yi ba. Kar yunwa ta tafi a banza."

Hamdiyya ta riƙe kai. "Wato da ma ko Inna ba ta dama fura ba, ku ba za ku ci na biyun ba!"

"Goma," in ji Taibatu. "Wancan mai kallon ƙasa, suruki ne, bai taɓa tauna ko goro a gabana ba. Sha ɗaya. Sai Malam, shi maigida ne, nashi ka zuwa bayan na baƙi, ban ba shi komi ba. Sha biyu. Kira malamin naki ki ce mashi an samu!"

Hamdiyya ta daka tsalle ta rungume ta. Amma Kubura ta ce aikin asibiti ba ya tafiya da shaidar baki kaɗai. Ta fito da 'yar na'urar awon suga, a tsaga yatsa a ɗiga jini, lamba ta fito. Wanda ya sha fura mai suga ba shi da wurin ɓuya.

Nan fa gida ya koma filin dambe. Duk wanda aka ɗiga nasa sai a yi tsit, Kubura ta faɗi sama ne ko ƙasa, a dubi Taibatu, a ɗauki sowa. Na Maiwada ya yi sama har Kubura ta ce ya zo ya same ta asibiti ran Litinin. Na Gidaɗo ƙasa. Na danginsa ƙasa, ƙasa, ƙasa. Mahauta suka fara yi wa Taibatu kirari, wai na'ura mai ɗankwali, ba ki cin batir. Mutum ashirin da uku ba ta kuskure ko ɗaya ba. Kubura na gama awo tana ɗibar jini, Hamdiyya na liƙa lamba tana jerawa cikin ƙanƙara.

Aka zo kan Mamuda. Ya miƙa yatsa yana kallon wani wuri. Kubura ta duba, ta sake dubawa.

"Baba, wannan ba sugan mai yunwa ba ne."

Idanu duk suka koma kan Mamuda.

"Malam?" in ji Taibatu.

"Wato, da na je tasha tarbo mutanen Garbadu, sai na ga mota ba ta iso ba. Ga mai masa nan kusa. Guda uku ne kacal. Da ɗan shayi."

"Masar tasha! Shekara arba'in ina narkar da ƙashi dominka, ɗiyarka ta ce ka yi yunwar yini guda, ka tafi ka ci masar da anka soya da man jiya!"

"Ke ma ai da man jiya kike suya."

"Nawa na san inda ya kwana!"

Dariya ta so ta ɓarke, amma aka dubi Hamdiyya aka fasa, don masu yunwa sun ragu. Sha ɗaya. Ga ƙarfe ɗaya saura kwata, direba na ta danna oda a waje. Hamdiyya ta dubi Kubura, Kubura ta ce ta karya da safe. Direba ya ci. Ita kanta ta sha shayi kafin ta fita. A leƙa maƙwabta? Wa zai kai tsakar rana a unguwar Taibatu bai ci komai ba?

Gidaɗo ya gyara sandarsa ya yi gyaran murya. "Tun safe ina zaune ina kallo. Akwai wadda ta yi ta kai da kawo, ban ga ta kai hannu baki ba."

Idanu suka juya. Taibatu ta waiga bayanta ko da wata, babu kowa sai bango.

"Inna," in ji Hamdiyya a hankali, "yaushe rabonki da abinci?"

Ta tsaya tana tuno. Da safe ba ta zauna ba. Ko furar ba ta ɗanɗana ba, hannunta ya san awon suga ba sai harshe ya taya shi ba. Daren jiya tana kan daka da kirɓi, ta ce in ta gama ta ci, barci ya riga ta. Ita da ma a tsaye take ci, daga gindin tukunya, bayan kowa. "Jiya da azahar," ta ce. Sai ta ga abin da ke hannun Kubura, ta ja da baya.

To ga wani abu da Mafara ba ta sani ba sai ran nan. Matar mahauci, wadda ke wanke kayan cikin sa tana waƙa, wadda ta haifi tara a ɗakinta ba ta yi ƙara ba, allura ce ajalinta. In masu rigakafi suka shigo unguwa, ita ke tara musu yara, sannan ta shige bayan rumbu har su tafi.

"Ba a iya ɗiba da wuƙa? Malam na da mai kaifi."

Hamdiyya ta ɗauko takardar yarda, irin wadda kowa ya dangwala wa yatsa, ta karanta mata har ƙarshe, ta ce, "Inna, ba dole. Haka dokar take, kuma haka nike nufi. In ba ki so, mu bar shi."

Taibatu ta dubi ɗiyarta, idon har yanzu da sauran ja. Ta dangwala yatsa. Ta zauna bisa turmi, ta miƙa hannu can nesa kamar ba nata ba, ta runtse ido, ta kama salati da ƙarfi tana haɗawa da Kubura. "Allahumma salli, ke 'yar nan a hankali, na san uwarki tun tana tallan gyaɗa, ala sayyidina, wayyo ta kashe ni!"

"Inna, ai ban soma ba. Auduga ce."

Lamba ta fito ƙasa da ta kowa, har ta Gidaɗo. Kafin ta kai ƙarshen salati na uku kwalba ta cika. Hamdiyya ta liƙa mata lamba, ta rufe kula, ta ruga. Mota ta tashi ɗaya saura minti biyar, Taibatu na bin ta da ƙullin dambu tana jefawa ta taga.

Da ta dawo ta zuba tuwo da fura a ɗakin da ba kowa, ta ce wa Gidaɗo akwai wata tabarma a ciki da take so su duba mata, ta jawo ƙofa ta bar wurin. Ba a ji ko motsin cokali ba. Kwanonin dai sun fito kamar an wanke.

Bayan sati uku Hamdiyya ta dawo, tun daga zaure take kiran Inna. Aikin ya yi. A jinin masu yunwa 'yan jakunkunan sun fi yawa, ba a kowa ba, amma a mafi yawansu. Malaminta ya ce mutanen kaɗan ne, ba za a yi shela da shi ba tukuna, sai an ƙara bincike, amma ya isa ta rubuta kundinta bana. Ta buɗe waya ta nuna hotunan da aka ɗauka ta madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Ga ƙwayar Maiwada, dunƙulalliya, ɗigo biyu uku kawai a ciki, ta ƙoshi ta kwanta kamar mai ita. Ga ta Gidaɗo, ɗige-ɗige kore da dama.

"Wagga fa?" in ji Taibatu. Ƙwaya ce guda a cikin duhu, cike da koren ɗigo kamar an watsa wa kaji tsaba.

"Taki ce, Inna. Kowane ɗigo jaka ce, ta ƙunshe tsohon kaya za ta kai maƙera."

Taibatu ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kai kusa da ido, ta nisanta, ta sake kawowa. 

"Ko ɗaya ba ta zubar ba," ta ce. "Ɗiyar halak."

Ta sa aka wanke hoton babba. Firam ɗin kuwa na wani tsohon madubi ne da ya fashe tun Hamdiyya na goye, da ma ta san ranarsa za ta zo. Yana nan rataye a zaure. Duk baƙon da ya tsaya kallonsa ya tambayi mene ne wannan, Mamuda kan ce masa, "Zauna tukuna, bayanin da tsawo." Kafin ya gama zama an ajiye masa kwano.